Ɗakin Gwaji, Filin Wasa da Aikin Sa-kai: Yadda Wasu Ɗalibai Ke Haɗa Su

Idan shekarar karatu ta zo ƙarshe, tsangayoyin kimiyya da injiniyanci a jami'o'i da dama sukan zaɓi wasu 'yan ɗalibai su karrama su. Bayanin da ake yi a kansu kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wannan tana karatun injiniyan lantarki, ita ce kyaftin ɗin 'yan ninƙaya, kuma duk ƙarshen mako tana koya wa yara lissafi kyauta. Wancan yana karanta kimiyyar sinadarai, babu mai kamo shi a tseren dogon zango, shi ne kuma shugaban ɗaliban sashensu. Mai karatu ya jinjina kai, ya ce Allah ya yi musu baiwa, ya wuce. Baiwa kam akwai ta, kuma sun cancanci yabo. Sai dai an san taura biyu ba ta taunuwa, ga su kuma suna tauna uku, wani lokaci huɗu. Duk wanda ya damu da yadda ake rainon matasa ya kamata ya tambayi yadda hakan ke yiwuwa, da abin da suke rasawa a hanya, da dalilin da ya sa irinsu ba su da yawa.

A ganina rabin amsar yana hannun ɗalibin, ɗaya rabin kuma yana cikin jadawali da dokokin da makaranta ta shimfiɗa tun kafin ya iso. Rabin farko ake ta yabawa. Na biyun ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne wanda ake iya gyarawa.

A fara da lissafin da kowane ɗalibin injiniya zai iya yi a bayan takarda. Sa'a 168 ce a mako. A jami'o'in Amurka, inda aka fi haɗa karatu da wasanni a hukumance, ana ɗauka cewa kowace sa'a ɗaya ta lacca tana buƙatar sa'a biyu ta nazari a wajen aji. Ɗalibin da ya ɗauki darussan sa'a 16 a mako ke nan yana da aikin sa'a 48, kuma an sassauta ƙiyasin, domin darasin ɗakin gwaji yakan ci sa'a uku a zama ɗaya, sannan ga rubuta rahoto. Ta ɓangaren wasa kuwa, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta kafa doka a 1991 cewa kada atisaye da gasa su wuce sa'a 20 a mako a lokacin kakar wasa, kada kuma su wuce sa'a huɗu a yini. Amma ranar gasa sa'a uku ake ƙirga ta komai tsawonta. Tafiya zuwa wani gari ba ta cikin lissafi, haka zaman jinyar rauni, haka atisayen da ake kira na ganin dama, wanda kowa ya san in bai je ba benci zai zauna. Binciken da hukumar da kanta take gudanarwa tsakanin 'yan wasa ya sha nuna cewa a manyan jami'o'i lokacin yakan haura sa'a 30, a ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ma yakan kai 40. A ɗauki 35, a haɗa da 48, a ƙara sa'a 56 ta barci idan za a yi takwas kowane dare. An samu 139. Saura 29, wato kimanin sa'a huɗu a yini, kuma a cikinsu ne za a ci abinci, a yi wanka, a yi ibada, a gaisa da iyaye, a shugabanci ƙungiya, a kuma je aikin sa-kai.

Ko wannan lissafin bai nuna inda gizo ke saƙa ba. Rigimar tana tasowa ne da yamma. Da yamma ake yawan sanya darussan ɗakin gwaji, da yamma kuma koci yake jiran 'yan wasansa a fili. Ɗalibin tarihi da ya rasa lacca yana iya zama da littafi ya cike giɓin. Gwajin sinadarai kuwa sai an tsaya a gabansa, da kayan aiki, da malami mai sa ido, da abokin gwajin da ba zai so a bar masa aikin shi kaɗai ba. Ga shi kuma darussan injiniya a jere suke, kowanne sharaɗi ne na mai bi masa. Wanda ya faɗi lissafin shekarar farko ba zai shiga darasin motsin ruwa ko na zafi ba, wasu darussan kuma sau ɗaya ake yin su a shekara. Tuntuɓe guda yana iya ƙara wa mutum shekara cur.

Shi ya sa a jami'o'in da wasanni ke kawo musu maƙudan kuɗi akan karkatar da 'yan wasa, a fili ko a kaikaice, zuwa fannonin da ba za su ci karo da atisaye ba. Masu nazarin ilimi sun daɗe suna lura da yadda 'yan ƙungiya ɗaya ke cunkushewa a kwas ɗaya ko biyu. Inda abin ya kai maƙura shi ne Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill. Rahoton da Kenneth Wainstein ya fitar a Oktoban 2014 ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai sama da 3,100 sun yi rajistar darussan da ba a zama a aji, takarda ɗaya kawai ake miƙawa a samu maki mai kyau, kuma kusan rabinsu 'yan wasa ne. Ɗan wasan da ya fito da digirin injiniya daga irin waɗannan manyan jami'o'i, sau da yawa sai da ya toshe kunnensa daga masu ba shi shawarar ya sauya fanni.

A wasu wuraren kuwa an ɗauki wata hanyar. A MIT, jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, dokar malamai ta hana sanya wa ɗaliban digirin farko lacca ko wani aikin karatu na dole daga ƙarfe biyar zuwa bakwai na yamma, Litinin zuwa Alhamis. Sa'a biyu ce kacal, amma da ita makarantar ke tafiyar da ƙungiyoyin wasanni 33, kuma babu ɗalibin da zai karɓi digiri sai ya cika sharaɗin ninƙaya da na motsa jiki. A Birtaniya an daɗe da al'adar barin yammacin Laraba babu lacca domin jami'o'i su kara da juna. Akwai kuma rukuni na uku na NCAA, wanda MIT ke ciki, inda ba a ba da tallafin karatu saboda wasa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin kuɗin makarantar ɗalibi ba ya hannun koci, ranar da ya ce yana da gwaji ba zai ji tsoron a katse masa karatu ba. Tsarin yana da nasa farashin. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar Caltech ta sha kaye sau 310 a jere a gasar jami'o'in yankinsu, tun daga 1985, har sai a Fabrairun 2011 da ta doke Occidental da ci 46 da 45. Ina ganin girman waɗannan samari ƙwarai. Shekara 26 ana samun waɗanda za su fito daga ɗakin gwaji su saka riga su shiga fili, sun san da wuya su yi nasara. Jami'ar da ta yarda ta sha irin wannan kaye domin kada ta taɓa ma'aunin karatunta ta san abin da ta sa a gaba.

Shi kansa wannan buri na ɗalibi mai karatu, mai wasa, mai shugabanci, mai tausayi, yana da tarihi. Wasiyyar Cecil Rhodes, wanda ya mutu a 1902, ita ta kafa tallafin karatu na Oxford mai ɗauke da sunansa, kuma ta lissafa abubuwa huɗu da za a duba: hazaƙar karatu, son wasannin fili da nasara a cikinsu, gaskiya da jarunta da tausayin marasa ƙarfi, sai kuma halin jagoranci. Rhodes ɗan mulkin mallaka ne da ya tara dukiyarsa daga lu'ulu'un kudancin Afirka, kuma samarin da za su riƙe daula yake nema. Mata ba su fara samun tallafin ba sai a 1977. Ma'aunin ya bazu, yau kusan duk fom ɗin neman tallafi ko lambar yabo da shi yake auna ɗalibi. Ba na cewa a yar da shi. Amma an ɗinka shi ne a jikin matashin da ba shi da wata ɗawainiya sai kansa. Ɗalibar da take tashi daga ɗakin gwaji ta wuce wurin aikin da take biyan kuɗin haya da shi, ta dawo ta duba aikin gida na ƙannenta, ta raka mahaifiya asibiti, tana tsara lokaci da ɗaukar nauyin mutane fiye da shugabannin ƙungiyoyi da yawa. Fom ɗin yana da gurbin muƙaman da aka riƙe da sa'o'in sa-kai, ba shi da gurbin nata. Aikin sa-kai sai mai rarar lokaci, rarar lokaci kuma sau da yawa daga aljihun iyaye take fitowa. Hatta wasannin da aka fi samun ɗaliban kimiyya a cikinsu, irin su ninƙaya da tseren kwale-kwale da wasan takobi, wasanni ne da ake fara koyonsu tun ƙuruciya da kuɗi.

To me wasan yake ba ɗalibin kimiyya? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce motsa jiki yana gyara ƙwaƙwalwa. Akwai gaskiya a ciki. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye a ƙarshen shekarun 1990 sun nuna gudu yana ƙara haihuwar sababbin ƙwayoyin jijiya a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ajiye abin da aka koya. Wani bincike da Kirk Erickson ya jagoranta, aka wallafa a 2011, ya bi dattawa 120 na tsawon shekara guda, ya gano cewa waɗanda aka sa tattaki akai-akai wannan sashe nasu ya ƙaru da kimanin kashi biyu cikin ɗari. Sai dai tattakin dattijo na minti arba'in daban, atisayen sa'a talatin da tafiyar dare da ƙarancin barci daban. Wanda ya kafa hujja da wannan bincike ya ce ɗan wasan jami'a ya fi takwarorinsa kaifin kai ya ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Alaƙar da ta fi gamsar da ni tana cikin yadda ake tunani, kuma babu wanda ya nuna ta a sarari kamar ɗan tseren Amurka Edwin Moses. Ya shiga Kwalejin Morehouse da ke Atlanta da tallafin karatu na hazaƙa, ya karanta fiziks da injiniyanci. Kwalejin ba ta da filin tsere, a filayen makarantun sakandare na gari yake atisaye. Tseren da ya zaɓa shi ne tsallaken shinge na mita 400: shinge goma, mita 45 kafin na farko, mita 35 tsakanin kowane biyu. Yawancin 'yan tsere sukan fara da taku 13 tsakanin shingaye, idan gajiya ta kama su a rabin hanya su koma 14 ko 15. Matsalar taku 14 ita ce adadin ya zama cika, dole mutum ya sauya ƙafar da yake ɗagawa a kowane shinge. Moses ya zauna ya auna tsawon ƙafarsa da takunsa, ya ga zai iya riƙe 13 daga farko har ƙarshe. Adadin mara ne, saboda haka kullum ƙafar hagu ce ke gaba, mai ɗaga hagu kuma yana iya manne wa layin ciki a kwana, ya rage tazarar da zai ci. Ya gina atisayensa gaba ɗaya a kan wannan lissafi. Yana ɗalibi ya ci zinare a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, ya kafa tarihin duniya. Daga Agustan 1977 zuwa Yunin 1987 ya yi tsere 122 ba a kayar da shi ba.

Abin da ya yi shi ne abin da ake koya wa ɗalibi a ɗakin gwaji: ka raba matsala gida-gida, ka auna, ka sauya abu ɗaya, ka sake aunawa. Filin tsere ya fi aji saurin ba da amsa, kuma agogo ba ya jin roƙo. Ɗalibin da ya saba ganin lokacinsa a allo kowane mako, wani lokaci ya ragu wani lokaci ya ƙaru, yakan daina ɗaukar faɗuwa a matsayin hukunci a kan kansa. Wannan hali kuwa shi ne abin da ɗaliban kimiyya masu hazaƙa suka fi rasawa. Yaron da ya taso kullum shi ne na ɗaya, ranar da gwajinsa ya ƙi fitowa sau goma yakan rikice, wani ma ya bar fannin.

Roger Bannister ɗalibin likitanci ne a asibitin St Mary's da ke Landan. A hutun cin abincin rana yake atisaye, abin da bai kai sa'a guda ba. Ranar 6 ga Mayun 1954 ya yi aikinsa na safe a asibiti, ya hau jirgin ƙasa zuwa Oxford, da yamma ya zama mutum na farko da ya ci mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. A ƙarshen wannan shekarar ya ajiye tsere ya rungumi likitancin jijiyoyi. Wani zai ce ai wancan zamani ne da ba a mayar da wasa sana'a ba, kuma da gaskiyarsa. Amma ga Anna Kiesenhofer 'yar Ostiriya, mai digirin digirgir a lissafi, wadda a 2021 take bincike da koyarwa a Lausanne. A lokacin ba ta cikin wata babbar ƙungiyar tseren keke, ita take tsara wa kanta atisaye da abinci, har da na'urar auna zafin cikin jiki ta yi amfani domin ta saba da zafin Tokyo. Ranar 25 ga Yulin 2021, a gasar Olamfik ta Tokyo, ta ɓalle daga ayari tun daga farkon tseren kilomita 137, ta isa ita kaɗai, har wadda ta zo ta biyu ta ɗaga hannu tana zaton ita ta ci.

Kada a manta dai cewa waɗannan su ne waɗanda abin ya yi wa kyau. Ba a rubuta labarin wanda ya gwada ya kasa, makinsa ya zube, gwiwarsa ta lalace, ya fita ba digiri ba lambar yabo. Ko waɗanda suka yi nasarar ma akan kai ranar da dole su zaɓa. John Urschel ya gama digiri na farko da na biyu a lissafi a jami'ar Penn State yana buga zari-ruga, ƙungiyar Baltimore Ravens ta babbar gasar NFL ta ɗauke shi a 2014, ya kuma fara digirin digirgir a MIT yana cikin wasa. A Yulin 2017, kwana biyu bayan fitowar wani bincike da ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa a 110 daga cikin ƙwaƙwale 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL da aka duba, ya yi ritaya yana da shekara 26. Ya kammala digirin a 2021, yanzu yana koyarwa a MIT. Ga mai lissafi, kan da ake karo da shi a fili shi ne jarinsa gaba ɗaya.

Batun shugabanci ya fi na wasa sauƙin karewa, domin sana'ar da kanta ta nema. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniya a Amurka ta sauya ma'auninta. Ta daina tsayawa a ƙirga darussan da aka koyar, ta koma tambayar abin da ɗalibi ya iya bayan ya gama, kuma a cikin jerin akwai aiki a tawagar da ta haɗa fannoni daban-daban, da iya bayani, da sanin nauyin amanar sana'a. Kamfanoni sun daɗe suna kukan cewa ana kawo musu matasa masu warware lissafi amma ba sa iya zama da mutum biyar su cimma matsaya. Abin kuma ya wuce jin daɗin ofis. Daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyi, ciki har da Roger Boisjoly, sun gargaɗi shugabanninsu cewa robar da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger ba za ta yi aiki a cikin sanyin da ake hasashe ba. Ilimin yana ɗakin taron. Manajoji suka yanke a harba, washegari mutum bakwai suka mutu. Laifin na waɗanda suka yi watsi da gargaɗin ne. Amma duk ɗalibin injiniya ya kamata ya san wata rana zai zauna a irin wannan ɗaki, ko a kujerar mai gargaɗi ko a kujerar mai yanke hukunci, kuma babu jarrabawar lissafi da ke shirya mutum ga wannan zama.

Inda ake koyon sa da gaske shi ne inda ake da abin da zai iya lalacewa. Gasar Formula SAE, wadda aka fara a 1981, tana sa ɗalibai su zana su ƙera motar tsere cikin shekara guda. Shugabar tawagar tana iya zama 'yar shekara ashirin da ɗaya, a ƙarƙashinta akwai mutum talatin ko arba'in waɗanda ba ta biyansu ko sisi kuma ba ta da ikon korar kowa. Mai kula da injin yana son ƙarin wuri, mai kula da gangar jiki ya ce nauyi ya yi yawa, kuɗin masu ɗaukar nauyi bai iso ba, jarrabawa ta matso, mutum uku sun daina zuwa. Dole ta san wanda za ta lallaɓa da wanda za ta faɗa wa gaskiya mai ɗaci, ta kuma yanke shawara alhali bayanan ba su cika ba. Ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata ta NSBE, wadda ɗalibai suka kafa a jami'ar Purdue a 1975, har yau ɗalibai ne ke riƙe da manyan kujerunta na ƙasa. Irin wannan shugabanci ya sha bamban da muƙamin da ake karɓa domin a cika takardar neman aiki, kuma alamar da ake gane shi da ita ita ce ko ƙungiyar ta ci gaba da tafiya bayan shugaban ya gama makaranta.

Hidimar al'umma ita ce aka fi yabo, ita ce kuma ta fi buƙatar taka tsantsan, domin a nan kuskuren ɗalibi a kan wasu yake faɗawa. A 2000 Bernard Amadei, farfesan injiniyan gine-gine a Jami'ar Colorado, ya ziyarci ƙauyen San Pablo a ƙasar Belize, ya tarar yara suna yini ɗibar ruwa maimakon zuwa makaranta. Ya dawo da ɗalibai takwas suka haɗa tsarin ruwa da ke aiki da ƙarfin wani magangarin ruwa da ke kusa. Daga nan aka kafa ƙungiyar Engineers Without Borders ta Amurka a 2002, yau tana da rassa a jami'o'i da yawa. Ɗalibin da ya taɓa tsayawa gaban mutanen da za su sha ruwan da ya lissafa bututunsa ba zai ƙara kallon lissafin da ido ɗaya ba.

Amma kyakkyawar niyya ta sha barin ɓarna. Akwai famfon nan da ake kira PlayPump, lilo mai juyawa da aka ce yara za su riƙa wasa a kai ruwa yana hawa tanki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alƙawarin sama da dala miliyan 16 domin a baza shi a Afirka. Ba a daɗe ba aka gano yara ba sa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa, mata ne, har da tsofaffi, ke tura lilon da hannu. Ya fi famfon hannu tsada, idan ya lalace babu mai gyara a kusa, a wasu wuraren kuma an cire famfo mai aiki ne aka kafa shi ba tare da an tambayi masu wurin ba. Manya ne masu kuɗi da ƙwarewa suka yi wannan. Ina ga ɗaliban da za su zo na mako biyu a lokacin hutu, su kafa abu, su ɗauki hoto, su koma? Cikin waɗanda suka fallasa matsalar PlayPump akwai matasan reshen Kanada na Engineers Without Borders da ke aiki a Malawi, kuma ƙungiyar tasu ta fara a 2008 fitar da rahoton shekara-shekara na ayyukanta da suka gaza. Da za a tambaye ni abin da ya fi dacewa a koya wa ɗalibin da ke son taimakon jama'a, da na ce ya fara da karanta irin wannan rahoto.

Aikin da ya fi amfani sau da yawa ba shi da armashin hoto, maimaitawa ce kawai. 'Yar tseren Amurka Gabby Thomas ta karanta kimiyyar jijiyoyi a Harvard, ta yi digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma a Texas, ta ci zinare uku a gasar Olamfik ta Paris a 2024, ciki har da mita 200. A shekarun da take shirin gasar tana zuwa aikin sa-kai a wani asibitin marasa inshora a Austin, tana bibiyar masu hawan jini: an auna, an sha magani, an dawo ganin likita. Irin wannan aiki sai mai zuwa wannan makon ya kuma dawo mako mai zuwa.

Jami'a tana iya gina wannan ɗorewar a cikin tsari. A 1995 Leah Jamieson da Edward Coyle suka kafa shirin EPICS a Purdue. Tawagar ɗalibai takan ɗauki aikin wata ƙungiyar agaji ko makaranta ko hukumar gari, misali na'urar da za ta taimaka wa yaro mai naƙasa ko manhajar ajiye bayanan masu neman mafaka. Abubuwa biyu suka bambanta shi. Na farko, darasi ne mai maki da ake lissafawa a digiri, saboda haka ɗalibar nan mai aikin biyan haya tana iya shiga ba tare da ta nemo wasu sa'o'i daga inda babu su ba. Na biyu, tawagar ta haɗa 'yan shekarar farko da 'yan shekarar ƙarshe, alaƙarta da ƙungiyar da take yi wa aiki kuma takan ɗauki shekaru. Idan manya suka gama suka tafi, na bayansu sun riga sun san aikin, sun san mutanen, zane da bayanan gyara suna hannunsu, ranar da na'urar ta tsaya kuma akwai wanda za a kira ya zo.